Yaron da Aka Ɗauka, Malamin da Ya Dawo: Girman Umar a Littafin Shaihu Umar



Mai girma shugaban wannan zama, iyayenmu lawanai da bulamai, malamanmu na allo da na boko, iyaye mata da suka ajiye ayyukan gida suka zo, da ku ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan, barkanku da war haka. Mai wannan lacca yana godiya ga mutanen Khaddamari, hedikwatar ƙaramar hukumar Jere, saboda tarbar da suka yi masa, da kuma zaɓen batun adabi a lokacin da kowa ke fama da abin sawa a baki. Allah Ya saka da alheri.

Batun yau shi ne yadda yaro ke fita daga ƙuruciya ya shiga sanin duniya, a cikin littafin da yaron ne da kansa ke ba da labarinsa. Littafin kuwa da yawanku kun riƙe shi a aji: Shaihu Umar, na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Za a bi batun ta fuska 5, wasu a gaggauce, wasu a tsanake.

Na 1: inda littafin ya fito

A shekarar 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Gasar da aka yi ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai kuma Shaihu Umar, wanda ya fito a 1934. Marubucinsa an haife shi a 1912, ya gama Kwalejin Katsina a 1933, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Ku lissafa da kanku, ɗalibai: saurayi ne da bai wuce shekara 21 ba. Zamansa Firayim Minista ya zo daga baya, a 1957.

Akwai wata shekara da ya kamata a ajiye kusa da wannan. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris na shekarar ɗa ne, babu mai mallakarsa, amma ba a soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan lokacin da matashin malamin nan yake rubutu, akwai tsofaffi a Bauchi da Kano da Yerwa waɗanda aka taɓa yi wa kuɗi a kasuwa, suna raye, suna zuwa masallaci. Masu karatun farko ba tatsuniya suka ji ba. Wani ya ga kakarsa a ciki.

Na 2: wane ne ke magana?

Littafin ya buɗe ne a Rauta, wani ƙaramin gari kusa da Bauchi. Wani malami da ya shahara yana zaune cikin almajiransa, sai ɗaya ya tambaye shi asalinsa da abin da ya kawo shi garin. Daga nan har ƙarshe, amsar wannan tambaya ce ake ji.

To a nan akwai abin lura. Murya ɗaya ce, amma mutum biyu ne a cikinta. Akwai tsohon da ke zaune kan buzu, wanda ya riga ya san yadda komai ya ƙare. Akwai kuma yaron Kagara, maraya tun yana ciki, domin mahaifinsa, wanda baduku ne, ya rasu kafin a haife shi. Yaron bai san komai ba. Bai san dalilin da ya sa uwarsa ta sake aure ba, bai san ya zama agola a gidan Makau ba, bai san cewa kusancin Makau da sarki shi ne zai jawo musu masifa ba. Tsohon ne ya san duk wannan. Mai karatu yana tsakaninsu, yana ganin yaro na wasa a bakin rijiya, ba shi da ikon ya ce masa ya matsa.

Ga tambayar da ɗalibi mai kaifin basira zai yi, kuma ya kamata ya yi ta. Yaya aka yi Umar ya san abin da ya faru a harin da aka kai ƙasar Gwari, alhali yana ɗan ƙarami a gida? Yaya ya san yadda fadawa suka ƙulla wa Makau sharri, suka ce ya ɓoye wasu bayin da ya kamo, har sarki ya kore shi? Wa ya gaya masa hanyar da Makau ya bi har ya sami wurin zama a Maƙarfi? Tafiyar uwarsa fa, daga gari zuwa gari tana cigiya, yana ina lokacin?

Wasu manazarta suna ɗaukar wannan a matsayin rauni, wai marubucin ya manta cewa mai ba da labari ba ya ganin bayan bango. Mai wannan lacca yana ganin akasin haka. Babu ɗayanmu a ɗakin nan da ya ga ranar sunansa. An gaya masa ne. Kaka ta ba shi kaɗan, gwaggo ta ƙara, wani maƙwabci ya faɗi abin da su biyun suka ɓoye. Yaron da ya tashi a gaban iyayensa yana samun wannan labari a arha, a gindin murhu. Wanda aka raba da danginsa kuwa sai ya bi duniya yana tsintar tarihinsa guntu-guntu, kamar mai tsintar gero bayan an zubar. Ranar da Umar ya iya zama ya jera labarin tun daga Kagara har Rauta, da abin da ya gani da abin da aka gaya masa, ranar ce ya tabbata ya girma. Ba rawani ne shaidar ba. Iya ba da labarin ne.

Na 3: yaron da ake ɗauka

Harshenmu yana da wata 'yar kalma da ke ɗaukar nauyi mai yawa, wato “aka”. Ita ce ake amfani da ita in abu ya faru ga mutum ba tare da an ambaci wanda ya yi ba. Duk wanda zai taƙaita ƙuruciyar Umar, da wannan kalma zai gama. Aka yaye shi, aka kai shi wurin kaka. Aka kore mijin uwarsa. Uwar ta tafi Fatika don ta sallami iyayenta, aka bar shi hannun amana. Aka sace shi. Kura ta cinye ɓarawon a daji, aka tsinci yaron, aka riƙe shi a ƙauye. Mahara suka faɗa wa ƙauyen, aka sake kama shi. Wani mai suna Gumuzu ya kai shi Kano, aka miƙa shi ga Balarabe Abdulkarim. Aka haye Sahara da shi zuwa Ber Kufa a ƙasar Masar.

Ku duba, a duk wannan jerin, ina wurin da yaron ya ce ga abin da yake so? Babu. Hannu ne ke miƙa shi ga hannu, kamar ƙwarya a wurin biki.

Yana da kyau a gwada shi da 'yan'uwansa na wasu ƙasashe. Daga Amurka, Mark Twain ya fitar da Huckleberry Finn a 1884, labarin yaron da ya gudu daga gida ya bi kogin Misisipi tare da wani bawa mai suna Jim da ya tsere. Girman wannan yaro a cikin bijirewa yake: an koya masa cewa taimakon bawa ya gudu zunubi ne, ya auna, ya ƙi mayar da abokinsa. Daga Gini, Camara Laye ya fitar da labarin ƙuruciyarsa a 1953, yaron maƙeri da makaranta ta yi ta nisanta shi da gida har ya hau jirgi zuwa Faransa. Su biyun suna da ƙafar tafiya. Umar ba shi da ita, kuma gaskiyar zamaninsa ke nan. Ɗan shekara 4 ko 5 da ya faɗa hannun mahara ba ya bijirewa. In marubucin ya ba shi wayon Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, ko ƙarfin Ganɗoki da ke karkashe dakaru, da an yi dariya an tafa, amma da an yi wa dubban yara ƙarya. Shi ya sa a cikin littattafan gasar nan, wannan ne ya fi tsayawa a ƙasa da ƙafafunsa.

Wani abin da ke taɓa zuciya shi ne yadda yaron ke saurin sabawa. Duk inda aka ajiye shi, in an ba shi abinci an yi masa fara'a, sai ya ɗauka gida ne. Iyaye mata da ke zaune a nan sun fi kowa sanin wannan hali na yara. Rahama ce, domin da ita yaro ke rayuwa. Kuma abin tsoro ne, domin da ita ake raba shi da asalinsa ba tare da ya yi kuka mai tsawo ba.

Na 4: Abdulkarim, ilimi, da uwar da ke tafe a baya

A nan za a ɗan daɗe, domin a nan littafin ya fi nauyi.

Abdulkarim bai wulaƙanta Umar ba. Ya mai da shi ɗa, ya sa shi makaranta, ya damƙa shi ga Shaihu Mas'ud. Yaron ya sauke Alƙur'ani, ya shiga littattafai, har ya kai ya gaji malaminsa. Mutanen Borno ba sa bukatar a yi musu bayanin darajar wannan. Ƙasar nan ce Bahaushe ke nufi in ya ce ɗansa ya tafi gabas; nan ake zuwa kolo a koma gardi, mai rabo ya zama goni. Saboda haka in mai karatu ya ga maraya ya zama shaihi, zuciyarsa takan yi sanyi, ya ce alhamdulillahi, ƙarshe ya yi kyau.

Amma wane ne Abdulkarim? Me ya kawo shi Kano? Fatauci, kuma cikin hajar akwai mutane. Ayarin da ya ɗauki Umar a matsayin ɗa, shi ne irin ayarin da ke kora 'ya'yan wasu a ƙasa, da ƙishirwa, zuwa kasuwa. Mutum ɗaya ne ya yi alherin, shi ne kuma ke cin riba daga cinikin da ya raba yaron da uwarsa. Ɓalewa bai tsaya ya yi wa'azi a kan wannan ba, kuma Shaihu Umar bai zagi uban riƙonsa ba. Akwai masu ganin wannan shiru ya yi yawa, suna cewa littafin ya lulluɓe zalunci da mayafin ƙaddara. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sai dai marubucin ya yi wata dabara da ta fi wa'azi ƙarfi: ya sa labarin uwar yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da na ɗan.

Yayin da ɗan ke hawa, uwar tana gangarawa. Ta bar aure, ta bar gida, ta bi sawu har Kano. Wani mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta inda ɗanta yake, ya yaudare ta, ta wayi gari baiwa. Ta ratsa Murzuk, ta ƙare a Tarabulus a gidan wanda ya saye ta. Mace 'yantacciya, 'yar mutanen Fatika, wadda laifinta kawai shi ne ta ƙi haƙura da ɗanta. Hamada ɗaya suka haye, ita da shi. Shi ta kai shi ga allo da tawada, ita ta kai ta ga ƙangi.

Wa ya fi ƙoƙari a littafin nan, jama'a? Sunan ɗan ne a bango, amma duk wani mataki na ganin dama, uwar ce ta taka shi. Malamai masu koyar da littafin nan su riƙa tsayawa a kanta fiye da yadda aka saba.

Sai mafarki ya zo wa Umar, ya tayar masa da begen uwarsa da ƙasarsa. A nan ne kalmar “aka” ta saki wuyansa. Karo na farko shi ne ya yi niyya, shi ne ya nemi tafiya. Ya sadu da ita a Tarabulus, ta tsufa, wahala ta cinye ta, kuma ba ta daɗe ba bayan haɗuwar ta rasu. Ku tsaya ku auna abin da malamin nan ya koya a wannan rana. Ya san hukuncin bawa da ɗa a littattafan fiƙihu, ya iya karanta babin ya fassara. Amma bai san mece ce bauta ba sai da ya ga fuskar uwarsa. Duk shekarun da yake cikin inuwa yana karatu, wata tana biyan kuɗin a rana, shi bai sani ba. Sanin duniya da ake magana, wannan ne: mutum ya gane abin da rayuwarsa ta ci wa wasu.

Sauran tafiyar gajeriya ce. Guguwar rairayi ta binne ayarin a hanyar dawowa, Abdulkarim ya halaka a ciki, Umar ya tsira. Ya iso ƙasar Hausa ba uwa, ba uban riƙo, ba dukiya, sai abin da ke ƙirjinsa. Da shi ya zauna a Rauta yana koyarwa.

Na 5: 'yan'uwan Umar na ƙasar Borno

Kada wani ya ɗauka wannan labarin mutanen yamma ne kawai. Hanyar Murzuk da Tarabulus hanyarmu ce. Daga Kukawa, wadda Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya kafa a 1814, ayari ke tashi ya bi ta Bilma ya faɗa Fezzan. Ta nan Turawa Denham da Clapperton suka iso a 1823, kuma sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka gani zube a bakin rijiyoyin hanya. Zamanin da labarin Umar ya faru shi ne ƙarshen wannan ciniki, zamanin da Rabe ya rushe Kukawa a 1893 ya koma Dikwa, kafin a kashe shi a Kusuri a 1900.

Kuma ƙasar nan ta ga Umar na gaske, har guda 2 da suka bar labarinsu a rubuce. Na farko Dorugu, yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram, wanda aka kama aka kawo Kukawa. Bature Overweg ya fanshe shi, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi wani Bature mai suna Barth har Tumbutu, sannan har Ingila a 1855, tare da abokinsa Abbega, Bamargi. A can ya zauna ya ba wani mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Yana saurayi ya ba da labarin, idonsa bai gama bushewa daga ƙuruciya ba. Ya dawo gida, ya ƙare rayuwarsa a Kano a 1912, shekarar da aka haifi Ɓalewa.

Na biyu ɗan Kukawa ne haifaffe, Muhammadu Ali ɗan Sa'id, wanda duniya ta sani da Nicholas Said. Mahaifinsa Barka Gana ne, babban kachallan Shehu al-Kanemi, amma girman gida bai hana mahara ɗauke shi ba. Aka bi da shi ta Murzuk zuwa Tarabulus, hanyar uwar Umar sak, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, har ya kai Amurka, ya shiga soja a 1863 lokacin yaƙin basasarsu, ya buga tarihin kansa a 1873. Shi bai dawo ba. Ɗalibai nawa ne a Jere suka taɓa jin sunansa? Ga aikin bincike a ƙofar gida.

Shi ma littafin Shaihu Umar ya yi tasa tafiyar. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, fim ɗin ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa, sannan aka gano shi aka gyara, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018.

Mai magana ba zai sauka ba sai ya faɗi abin da kowa a ɗakin nan yake tunani tun ɗazu. Tun 2009 ƙasar nan take ganin yaran da “aka” ɗauka. Duniya ta ji labarin 'yan matan Chibok 276 a 2014, da na Dapchi a 2018, amma mutanen Jere sun san wasu da yawa da rediyo bai ambata ba. Sun ga sansanonin 'yan gudun hijira kamar na Muna, sun san matan da suka yi ta yawo da cigiya a baki kamar uwar Umar, kuma ba su manta da manoman shinkafa na Zabarmari da aka kashe a Nuwamban 2020 ba, waɗanda suka bar marayu. Wasu yaran sun dawo. Suna cikin azuzuwanmu da tsangayoyinmu, wasu sun manta sunan ƙauyensu, wasu sun tuna amma ba mai tambaya.

Abin da ya buɗe bakin Shaihu Umar tambaya ce guda daga almajiri, a cikin natsuwa, a wurin da malamin ya san ba za a yi masa gori ba. Malaman Hausa da ke nan suna iya gwada wannan: bayan an gama karanta littafin, a ba ɗalibai dama, ga wanda ya ga zai iya, ya rubuta hanyar da ta kawo shi Khaddamari, ya tambayi kakarsa ko gwaggonsa abin da bai gani da idonsa ba, da Hausa ko da Barbarci ko da Larabcin Shuwa. Wanda bai shirya ba a ƙyale shi, kada a matsa masa, kuma kada a karanta na kowa a bainar jama'a sai da yardarsa.

 Allah Ya jiƙan Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasar Borno lafiya. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, kuma in shugaba ya yarda, a fara da ɗaliban da ke baya.